A yi wa dillalan filaye da gidaje lasisi, amma kar a ture dattawan sana'ar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a taimaka a buga min wannan wasiƙa, magana ce a kan sana'ar da nake ci da iyalina da ita, wato dillancin filaye da gidaje a nan Kano, kuma ta daɗe tana cina a rai.

Kwanakin nan samari suna yawan zuwa wajenmu, wasu da digirinsu wasu da difloma, aiki ya ƙi samuwa, sun ga a TikTok da Facebook yadda ake tallan gidaje a Abuja da Legas ana cewa wane mai lasisi ne, sai su zo suna tambaya, Baba ina ake yankar lasisin dillanci, nawa ne kuɗin fom, jarabawa ake yi ko kuwa? Ni kuma wallahi kunya take kama ni, domin amsar gaskiya ita ce a yadda muke yin abin nan a unguwanni ba wanda zai tare ka ya ce ina takardarka. In kana da waya da data da bakin magana, ka samu benci a gindin bishiya ko ka sa a rubuta maka allo "akwai gidan haya akwai fili", shikenan ka zama dillali daga yau. Ɗan adaidaita sahu sai ya yi rajista da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, an ba shi lamba an manna a jikin babur ɗinsa saboda in ya yi ɓarna a san wa za a nema, amma mutumin da za a danƙa wa miliyan goma ko ashirin, kuɗin da wani ya shekara talatin yana aikin gwamnati kafin ya karɓe su a matsayin giratuti, shi ba lamba ba rajista ba kowa a bayansa. Wannan abu bai yi ba.

Ba wai babu doka kwatakwata a Najeriya ba ne, akwai. Tun 1975 aka kafa hukumar ESVARBON da doka ta 24, ita ce take yi wa ƙwararrun masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye rajista, kuma suna da ƙungiyarsu NIESV wadda ta girme ta, tun 1969 take. Hanyar shiga nan doguwa ce, sai ka karanta fannin kula da kadarori a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, irin su BUK ko ATBU Bauchi ko jami'ar fasaha ta Minna ko Kaduna Poly, ka yi bautar ƙasa, ka zauna ƙarƙashin wani mai rajista kana koyon aiki na wasu shekaru, ka ci jarabawarsu, sannan a ba ka hatimi. Ina girmama su ƙwarai, in banki zai karɓi gida jingina ko gwamnati za ta biya diyya saboda titi ya bi ta kan gonakin mutane, su ne ake kira kuma aikinsu ne. To amma tsakani da Allah, matar da take neman ɗaki biyu da falo a Kurna ko Rijiyar Lemo, ko ɗan kasuwar Kwari da yake son rabin fuloti a Janguza ya ajiye wa 'ya'yansa, ofishin mai hatimi za su je? Wajenmu suke zuwa. Mu ne muka san gidan da maigidansa yake da faɗa, mu muka san layin da ruwa yake kwanciya da damina, mu muka san gonar da magada suke rigima a kanta tun kafin maganar ta je kotu. Yawancin cinikin da ake yi a garin nan ta hannunmu yake bi kuma mu ne ba mu da wata ƙofa da za mu shiga a tantance mu.

Wasu za su ce ai akwai rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Eh akwai, kuma yana da kyau mutum ya yi, amma ita CAC sunan kasuwancinka kawai take rubutawa, ba ta tambayarka ko ka san bambancin filin awon gwamnati da na awon igiya, wato wanda mai gona ya yanka da kansa ba gwamnati ba. Haka ma takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da yake ƙarƙashin EFCC, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta saka masu harkar gidaje cikin waɗanda dole su yi rajista, kuma ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Da yawa daga cikin 'yan uwana dillalai ba su taɓa jin wannan ba, har gobe ana zuwa da kuɗi a buhu ana ƙirgawa a zaure. Ita ma dai wannan takarda ba shaidar iya aiki ba ce, gwamnati ce take son sanin inda kuɗi suke bi.

Bari in ba da labarin abin da na gani da idona. Wata baiwar Allah mijinta ya rasu ya bar mata yara, aka raba gado aka ba ta tumunin takaba da kason marayun a hannunta, ta ce ba za ta bari kuɗin su narke a cefane ba gara ta saya musu fili. Wani yaro da yake kiran kansa dillali ya kai ta bayan gari ya nuna mata fuloti mai kyau, kusa da titi, an ma fara gini a maƙwabta, aka kawo wani mutum aka ce shi ne mai fili, aka rubuta takarda a fallen littafin makaranta shaidu biyu suka sa hannu, ta biya. Bayan damina ta tara ɗan abin da ta tara ta sayi bulo ta aika a sauke mata, masu kai bulo suka tarar an zagaye wajen an sa ƙofa har an yi rijiya. Wanda ya gina shi ma da takardarsa, kuma tasa ta riga tata. Da aka kawo min maganar don in taimaka a nemo yaron, na kira lambar a kashe, aka je inda yake zama aka ce ai ya kwana biyu bai zo ba, shaidun nan biyu kuwa ashe abokansa ne. Ta zauna a bakin shagona da takardar nan a cikin leda ta ninke ta gida huɗu, tana buɗewa tana nuna min sa hannun kamar ni zan iya mayar da ita gaskiya, ba ta yi kuka ba, kawai cewa take Alhaji kuɗin marayu ne fa. Ban iya cin abinci ba ranar. Da a ce yaron nan yana da lambar da za a duba, da wanda ya tsaya masa, da wajen da za a kai ƙararsa a ƙwace lasisinsa a biya ta wani abu, da ko bai ji tsoron Allah ba zai ji tsoron wannan.

Kuma ba sai an kai ga damfara irin wannan ba, akwai ƙananan cututtuka da suka zama ruwan dare har mun daina ganinsu a matsayin laifi. Mai fili ya ce a sayar masa miliyan huɗu, dillalin farko ya ɗora nasa ya faɗa wa na biyu huɗu da rabi, na biyu ya faɗa wa na uku biyar, kafin maganar ta isa kunnen mai saye ta bi ta hannun mutum biyar shida, kowa ya ɗora, kuma ranar biyan kuɗi duk su hallara kowa yana jiran la'ada a kan abin da ya riga ya ci. Shi ya sa ba sa yarda mai saye da mai sayarwa su haɗu su yi magana baki da baki. Abin da muka taso muka tarar shi ne la'ada sananniya ce, galibi kashi 5 cikin 100 a ciniki, kashi 10 a haya, kowa ya sani kuma ana yi da albarka. Yanzu kuma an ƙirƙiro kuɗin ganin gida, mai neman haya ya biya a zagaya da shi gida uku huɗu waɗanda dillalin ya san an riga an kama su, gobe ma ya dawo ya sake biya. Wake ɗaya ke ɓata gari, to mu waken ya yi yawa, har ta kai in ka ce kai dillali ne a wajen neman aure sai an sake bincike a kanka.

Wasu wuraren sun riga sun gyara. Legas ta kafa hukumar LASRERA, gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a dokarta a 2022, duk mai harkar gidaje a jihar sai ya yi rajista ana sabunta masa duk shekara, mutum zai iya duba sunan dillali kafin ya ba shi kuɗi, akwai inda ake kai ƙorafi, kuma an ƙayyade la'adar haya kar ta wuce kashi 10. Ghana ta yi dokarta a 2020 ta kafa majalisar da take ba dillalai lasisi, har ma ta hana biyan kuɗin cinikin gida da tsabar kuɗi hannu da hannu. A Amurka kuwa kowace jiha da nata tsarin, a Texas sai ka yi awa 180 na karatu kafin ka zauna jarabawa, a Kalifoniya awa 135, a Fulorida awa 63. Abin da ya fi burge ni a nasu shi ne lasisin hawa biyu ne, sabon shiga ba ya cin gashin kansa, dole ya yi aiki a ƙarƙashin babban dillali wanda shi ne zai amsa tambaya in yaron ya yi ba daidai ba, sai ya yi shekaru yana aiki, a Kalifoniya shekara 2 cikakku, ya ƙara karatu ya sake jarabawa sannan ya buɗe nasa ofishin. Wannan ai shi ne tsarin da iyayenmu suke kai tun asali. Ni kaina a hannun wani dattijo na koya, Allah Ya jiƙansa, na daɗe ina riƙe masa tef ina bin sa gona gona kafin ya yarda in yi ciniki ni kaɗai, kuma ko bayan nan in na yi kuskure shi ake zuwa wa da ƙara, shi kuma ya kira ni gaban mutane ya wanke ni tas. Mun yar da namu ne kawai, su kuma suka rubuta nasu a doka.

Saboda haka kirana ga majalisar dokokin jihar Kano, da ma na Kaduna da Katsina da Jigawa da sauran jihohinmu, shi ne a yi dokar lasisin dillalai. Amma a nan ne nake so a saurare ni da kyau, domin in aka kwafo ta Legas yadda take za a yi ɓarna. Cikin sharuɗɗansu akwai shaidar kammala sakandare. In aka kawo wannan nan, an kori mutanen da suka fi kowa sanin ƙasar nan. Akwai dattijon da bai taɓa shiga aji ba, allo kawai ya yi, amma in ka kai shi Ɗanbare ko Langel ko Gunduwawa zai gaya maka gonar wane ce wannan, wa ya gada, wa ya saya a hannun wa, ina iyakar take tun kafin a sare bishiyar da aka yi alama da ita. Ilimin nan babu shi a kwamfutar kowace ma'aikata. A yi jarabawar da Hausa, wanda yake rubutun boko ya rubuta, mai ajami ya rubuta da ajami, wanda ba ya rubutu a yi masa ta baka a gaban kwamiti. Tsofaffin hannu da masu unguwanni da dagatai suka shaide su, a ba su babban lasisi bayan ɗan gajeren horo, samari kuma su shiga ƙarƙashinsu da ƙaramin lasisi, yaro ya kawo iya waya da kwamfuta da karanta taswira, dattijo ya kawo sanin ƙasa da mutane.

Me za a koyar? Ba wani abu mai nisa ba ne. Dillali ya san cewa tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani, satifiket ɗin da ake bayarwa yawanci na shekara 99 ne, kuma in mai satifiket zai sayar ko ya jinginar sai da amincewar gwamna. Mutane da yawa suna sayen gida su karɓi satifiket da sunan mai gidan na farko su jefa a durowa, ba su san ba a gama ba. Ya san yadda ake zuwa KANGIS, ofishin da yake ajiye bayanan filayen jihar Kano, a duba fayil a ga ko sunan da yake jikin takarda shi ne a rajista, ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati ta riga ta karɓe wajen. Ya san cewa kafin a yi gini akwai izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Ya san ba a sayar wa mutum fili a ƙarƙashin babbar wayar wuta ko a kan hanyar ruwa ko inda aka shata titi, ko da kuwa mai sayen ya nace saboda araha.

Sai kuma abin da ba a ofis ake koyonsa ba. Ni in aka kawo min fili na awon igiya, kafin in nuna wa kowa sai na je da ƙafata, in tsaya a kai, in nemi maƙwabcin gabas da na yamma da na kudu da na arewa in tambaye su ɗaya bayan ɗaya wa kuka sani da wajen nan, ba a gaban mai sayarwa ba. In je wajen mai unguwa, daga nan in wuce wajen dagaci. In bi takardun ciniki baya baya har in kai ga mai gonar asali. In na ji kalmar gado kuwa sai in ƙara nutsuwa, an raba ko ba a raba ba, ina takardar kotu, magada nawa ne, matan cikinsu sun sani, akwai wanda yake Saudiyya ko Kudu da ba a gaya masa ba? Rabin rigimar fili da na gani a rayuwata daga nan take tasowa, babban wa ya sayar da gonar gado ƙannensa mata ba su da labari, bayan shekara goma 'ya'yansu su taso su kai ƙara, mai saye ya riga ya gina ya aurar da 'ya a gidan. Wannan binciken yana cin kwanaki kuma wani lokacin kana cikin yi wani dillalin zai zo ya sayar ta bayan fage ka tashi a tutar babu, amma gara hakan.

Dokar ta kuma taɓa maganar kuɗin mutane. Kafin alƙalami ko kuɗin hayar da dillali ya karɓa a madadin mai gida kar ya shiga asusunsa na cefane, a ware masa asusu daban, a ba da rasit mai ɗauke da lambar lasisi. Na san masu karɓar hayar shekara su juya ta a kasuwa da niyyar za su mayar, kasuwa ta ƙi, mai gida ya zo ya ce ɗan haya ya tashi alhali ya biya. A Afirka ta Kudu akwai asusu na musamman da dillalai suke zuba kuɗi a ciki, in mai lasisi ya cinye kuɗin wani a biya wanda aka cuta daga nan. Mu ma za mu iya, ko da kaɗan kaɗan ne a kan kowane sabunta lasisi.

Na san wasu abokan sana'ata za su ji haushin wannan wasiƙa, za su ce na jawo mana haraji. Tsoronsu yana da dalili, mun sha ganin an fito da tsari da sunan gyara ya ƙare a karɓar kuɗi kawai, a ba ka sitika a wuce. In haka za a yi gara a bari. Kuɗin lasisi ya zama wanda mai benci a gindin bishiya zai iya biya, a saka wakilan dillalai da na masarauta da malamai da lauyoyi da masu hatimin nan na NIESV a cikin hukumar, kuma a buga sunayen masu lasisi a intanet da kuma a ofishin kowane hakimi yadda ko wanda ba shi da babbar waya zai je ya duba. Wanda aka kama da sayar da fili sau biyu a soke lasisinsa a faɗi sunansa a rediyo. Mai gaskiya ba abin da zai rasa a nan sai ma ƙarin ciniki, don 'yan uwanmu da suke aiki a ƙasashen waje suna son sayen gida a gida amma tsoro ya hana su turo kuɗi.

Ta fuskar addini ma dillanci sana'a ce halattacciya, malamai sun yi bayanin halascin la'ada tun zamanin magabata matuƙar an san ta kuma an yarda da ita. Abin da aka hana shi ne algus da ɓoye aibi da kuma najashi, wato a sa wani ya zo yana taya kaya da tsada ba don zai saya ba sai don a zuga mai saye, kuma wallahi ana yin wannan a cinikin fili kullum, a kira aboki a waya a gabanka ya ce shi ma yana so zai ƙara dubu ɗari biyu. Ina roƙon limamanmu su riƙa taɓo wannan a huɗuba.

Su ma masu saye da nasu laifin. Mutum zai ji fili rabin kuɗinsa, a ce masa mai shi yana da matsala ne yau yau yake son kuɗi, sai ya ruga banki ba tambaya, yana ganin kuɗin lauya ko kuɗin bincike a ma'aikata asara ne.

Ga samarin da suke tambayata kuma, kafin Allah Ya sa a yi dokar, abin da nake gaya musu shi ne wanda yake da hali da shekaru ya je ya karanta fannin ya bi hanyar ESVARBON, ƙofa ce mai kyau kuma Arewa tana buƙatar su. Wanda ba zai iya ba ya nemi dattijo mai mutunci a sana'ar ya zauna a ƙarƙashinsa ko da shekara biyu ne, ya yi rajistar CAC da SCUML, ya samu wajen zama tsayayye da za a same shi kullum, ya shiga ƙungiyar dillalan yankinsa, ya samu lauya ɗaya da zai riƙa rubuta masa yarjejeniya, kuma duk cinikin da zai yi ya haɗa mai saye da mai sayarwa ido da ido a faɗi kuɗin a gaban kowa.

Edita, ina roƙon ku turo wakilinku ya zaga kotunan garin nan ya ga yawan shari'un fili da suke gaban alƙalai, ya zauna da dillalai da masu unguwanni ya ji ta bakinsu, sannan ya je majalisa ya tambayi kwamitin da yake kula da harkar ƙasa ko suna da niyyar kawo irin wannan ƙudiri. In sun kira zaman jin ra'ayin jama'a, ni da abokan sana'ata da muke da wannan ra'ayi za mu je mu yi bayani.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani dillalin filaye da gidaje,
daga Kano.